Zuba Jari A Fasahar Talabijin Mai Mu'amala Da Matsalar Jinkirin Komawa Tsarin Dijital

Talabijin mai mu'amala shi ne tsarin da ke bai wa mai kallo damar mayar da martani ga abin da yake gani a akwatinsa. Da rimot ɗin da ke hannunsa zai iya zaɓar fim a lokacin da ya ga dama, ya tsayar da shiri ya ci gaba da shi daga baya, ya kaɗa ƙuri'a a wata gasa, ko ya sayi kayan da ake talla. Kamfanonin da ke wannan harka sun haɗa da masu ƙera dikoda, da masu rubuta manhajar da ke cikinta, da masu tattara shirye-shirye da tallace-tallace.

Dukansu ba sa ganin riba sai dikodar dijital ta shiga gidaje masu yawa, kuma ranar da hakan zai faru ba a hannunsu take ba. Tana hannun gwamnatoci da manyan kamfanonin da ke rarraba sigina. Shi ya sa jinkirin komawa tsarin dijital ya zama babban haɗarin da ke fuskantar duk mai zuba jari a wannan fanni, kamar yadda aka gani a Amurka da Birtaniya a farkon wannan ƙarni, kuma ake gani a Najeriya tun daga shekarar 2012.

Yadda fasahar ke aiki

A tsohon tsari na analog, kowace tasha tana mamaye zango guda na iska ita kaɗai. A tsarin dijital ana matse hoton da sautin su koma lambobi irin na kwamfuta, ta yadda zangon da ke ɗaukar tasha ɗaya a da zai ɗauki tashoshi goma sha biyar zuwa ashirin, tare da jadawalin shirye-shirye da wasu bayanai a rubuce. Tsohon akwatin talabijin ba ya gane waɗannan lambobi, sai an haɗa shi da dikoda wadda za ta warware su.

Mu'amala kuwa tana buƙatar ƙarin abubuwa biyu. Na farko shi ne manhajar da ke cikin dikodar, wadda ke nuna jadawali, ta karɓi umarnin rimot, ta kuma tantance wanda ya biya da wanda bai biya ba. Na biyu shi ne hanyar da saƙon mai kallo zai bi ya koma wurin tashar, domin eriya da farantin tauraron ɗan'adam karɓa kawai suke yi, ba sa aikawa. A Turai da Amurka an fara da layin tarho na gida da wayar kebul. A yau intanet da layukan wayar salula ne ke yin wannan aiki.

Inda kuɗin ke fitowa

Mai ƙera dikoda yana samun ribarsa ne a kan kowane akwati da ya sayar, ribar kuma ƙarama ce, sai an sayar da yawa take taruwa. Mai manhaja yana karɓar ɗan kuɗin lasisi a kan kowace dikoda da aka kunna. Mai tattara shirye-shirye yana jiran kuɗin talla da kuɗin kallo, masu talla kuwa ba sa biyan kuɗi mai kauri sai an nuna musu alƙaluman gidajen da ke kallo.

Ta ɓangaren kashe kuɗi lamarin ya sha bamban. Ana gina masana'anta, a sayi lasisi, a ɗauki injiniyoyi, a shigo da kayan haɗi tun kafin a sayar da akwati ko ɗaya. Idan an ɗage ranar da aka tsayar da shekara guda, albashi da haya da kuɗin ruwan banki ba sa jira. Kayan lantarki kuma ba sa ajiyuwa kamar hatsi a rumbu, domin darajarsu raguwa take yi duk lokacin da sabuwar fasaha ta fito.

Akwai kuma wani ƙulli da ke da wuyar kwancewa. Magidanci ba zai sayi dikoda ba matuƙar tsohuwar eriyarsa tana kamo masa tashoshin da ya saba da su. Gwamnati ba za ta kashe analog ba matuƙar yawancin gidaje ba su da dikoda, don kada ta jefa talakawa cikin duhu. Tashoshi kuma ba za su kashe kuɗi kan sabbin shirye-shirye ba sai sun ga masu kallo. Kowa na jiran kowa, wanda ya riga ya zuba jarinsa shi ke biyan kuɗin jiran.

Abin da ya faru a Amurka

Tunanin ba sabo ba ne. A watan Disamba na 1977 kamfanin Warner ya ƙaddamar da wani tsari mai suna Qube a birnin Columbus na jihar Ohio, inda masu kallo ke danna maɓalli su ba da amsa ga tambayoyin da ake yi a shiri. An daina shi a 1984 saboda kuɗin da yake ci. A Disamban 1994 kamfanin Time Warner ya sake gwadawa a Orlando ta jihar Florida, da gidaje kimanin 4,000 waɗanda ke iya zaɓar fim da yin sayayya ta talabijin. Fasahar ta yi aiki, amma kowace dikoda tana cin dubban daloli, don haka aka rufe gwajin a 1997.

Ƙarshen shekarun 1990 ne ya ga kwararar jari mafi girma. Microsoft ya sayi WebTV a kan dala miliyan 425 a 1997, ya zuba dala biliyan 1 a kamfanin kebul na Comcast a wannan shekarar, sannan a watan Mayu na 1999 ya zuba dala biliyan 5 a AT&T, da fatan manhajarsa za ta shiga miliyoyin akwatunan dikoda. A shekarar ce kuma ƙananan kamfanonin manhaja irin su Liberate Technologies da OpenTV da Wink Communications suka shiga kasuwar hannayen jari ta Nasdaq. An fara sayar da hannun jarin OpenTV a kan dala 20 a watan Nuwamba na 1999, kafin ƙarshen Maris na 2000 ya haura dala 200. A wannan lokaci ne kamfanin ya amince ya sayi Spyglass da hannayen jarin da aka ƙiyasta a kan dala biliyan 2.5.

Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan zaton cewa kamfanonin kebul za su raba manyan akwatunan dikoda cikin hanzari. Hakan bai faru ba. Manhajar Microsoft ta makara, akwatunan sun yi tsada, kasuwar Nasdaq ta fara faɗuwa bayan ƙololuwar da ta kai a ranar 10 ga Maris, 2000, sannan a 2001 AT&T ya janye daga shirinsa na raba manyan akwatunan, ya koma ga masu araha. Kamfanonin kebul sun gano cewa sayar da intanet mai sauri ya fi kawo musu kuɗi nan take.

Kafin ƙarshen 2002 hannun jarin OpenTV ya faɗo ƙasa da dala 2. A shekarar ce kamfanin MIH na Afirka ta Kudu, wanda a lokacin yake cikin rukunin da ya mallaki MultiChoice mai DStv, ya sayar wa Liberty Media kason da ke ba shi ikon juya OpenTV. Daga nan OpenTV ya haɗiye Wink da ACTV, a ƙarshe kuma rukunin Kudelski na ƙasar Siwizalan ya saye ragowar hannayen jarinsa a kan dala 1.55 kowanne, cinikin da ya kammala a 2010. Liberate kuwa ya sayar da harkarsa ta Arewacin Amurka ga Comcast da Cox a 2005 a kan dala miliyan 82.

Abin lura shi ne hasashen waɗannan kamfanoni bai zama ƙarya ba. Zaɓar fim a lokacin da ake so ya zama ruwan dare bayan shekara goma, sai dai ta intanet ya zo, kuma Netflix da YouTube ne suka kwashi ribar. Waɗanda suka zuba jari a 1999 sun hango abin da ke tafe, amma sun yi kuskuren lokaci da kuma hanyar da zai biyo.

Sakamako biyu a Birtaniya

A Birtaniya kamfanoni biyu sun fara tsarin dijital a ƙarshen 1998. Sky, mai amfani da tauraron ɗan'adam, shi ke riƙe da siginarsa da masu kallonsa da jadawalinsa. Ya raba dikoda kyauta, ya kashe analog ɗinsa a 2001, ya kuma sabar wa jama'a danna jan maɓalli don ganin ƙarin bayani ko zaɓar wasan da suke so.

ONdigital, wanda daga baya ya koma ITV Digital, ya dogara ne da turakun ƙasa waɗanda siginarsu ba ta da ƙarfi a wurare da yawa, domin dole ne ta raba iska da analog da ba a kashe ba tukuna. Ga satar katunan kallo, ga yarjejeniyar nuna ƙwallon ƙafa ta fam miliyan 315 da ya kasa biya. Ya durƙushe a watan Maris na 2002. A kan kufansa aka kafa Freeview a watan Oktoba na wannan shekara, tsarin kyauta da ya samu karɓuwa, kuma sai a Oktoban 2012 ƙasar ta kammala kashe analog.

Tafiyar Najeriya

A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya a Geneva ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda ta tsayar da 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adin komawa dijital. Gwamnatin marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ɗebar wa Najeriya wa'adin da ya riga wannan, wato 17 ga Yuni, 2012. Ba a cika shi ba. Na 2015 ma ya wuce, haka kuma na Yunin 2017.

Tsarin da farar takardar gwamnati ta 2012 ta shimfiɗa ya raba aikin gida-gida. Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ita ce mai sa ido. Rarraba sigina ya koma hannun kamfanoni na musamman, wato ITS da aka cire daga jikin NTA, da Pinnacle Communications mai zaman kansa. An bai wa kamfanoni 13 lasisin ƙera dikoda a cikin gida domin samar da ayyukan yi, daga cikinsu akwai Gospell Digital Technology mai masana'anta a Kalaba. Kamfanin Inview na Birtaniya ya samar da manhajar, aka kuma sa wa tsarin suna FreeTV. Wani ɓangare na kuɗin aikin ya fito ne daga naira biliyan 34 da MTN ya biya a 2015 don samun wani yanki na zangon iska na megahaz 700, irin zangon da ake 'yantowa daga talabijin a bai wa intanet na wayar salula.

An ƙaddamar da gwajin farko a Jos ranar 30 ga Afrilu, 2016, sai Abuja a Disamban wannan shekara, inda aka sayar da dikoda mai tallafi a kan naira 1,500. Ilorin da Kaduna sun biyo baya a Disamban 2017, Inugu da Osogbo a Fabrairun 2018. Daga nan aikin ya tsaya cik har tsawon shekara uku, basussuka suka taru. A 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 9.4 don biyan su, aka ƙaddamar a Legas a watan Afrilu, sai Kano a watan Nuwamba. Wurare takwas ke nan cikin shekara biyar da rabi, a ƙasa mai jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya.

A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince da tallafin naira biliyan 10 ga NBC don farfaɗo da aikin. A 2025 hukumar, ƙarƙashin Darakta Janar Charles Ebuebu, ta haɗa gwiwa da kamfanin tauraron ɗan'adam na gwamnati, NIGCOMSAT, suka bayyana sabon salo da ya fifita aika sigina ta tauraro da kuma na'urori masu haɗuwa da intanet. Hujjarsu ita ce kafa turaku a kowace jiha yana da tsada da ɗaukar lokaci, tauraro kuwa yana rufe ƙasar baki ɗaya a lokaci guda. Ƙungiyar masu ƙera dikoda ta Najeriya ta fito fili ta yi adawa, tana mai cewa salon ya kauce wa farar takardar 2012, wadda a kanta mambobinta suka ci bashi suka kafa masana'antu.

Asarar da jinkirin ya jawo

Asara ta farko ta zo ne ta hanyar canjin kuɗi. Kusan duk kayan cikin dikoda daga waje ake shigo da su, da dala. A 2015 farashin dala a hukumance bai kai naira 200 ba, a 2024 ya haura naira 1,500. A misali, kayan haɗin da ke cin dala 20 sun tashi daga kusan naira 4,000 zuwa naira 30,000, alhali aljihun mai saye bai ƙaru haka ba. Wanda ya ci bashin banki shi ma bai tsira ba, domin ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024.

Ta biyu ita ce kasuwar da ta kuɓuce. Tun a 2010 StarTimes, da haɗin gwiwar NTA, ya fara sayar da dikodar dijital ta eriya, GOtv na MultiChoice ya biyo baya a 2011. Kafin FreeTV ya isa birane, magidanta masu ɗan hali sun riga sun sayi ɗaya daga cikin waɗannan.

Ta uku, wadda ta fi zurfi, ita ce sauyin ɗabi'ar masu kallo. Mu'amalar da aka yi zaton za ta zo ta dikoda ta riga ta zo ta wayar hannu. Netflix ya shigo Najeriya a farkon 2016. Masu shirya finafinan Kannywood sun mayar da hankali kan shirye-shirye masu dogon zango a YouTube, inda mai kallo ke zaɓar lokacinsa, ya rubuta ra'ayinsa a ƙarƙashin shirin, mai shirin kuma ya ga adadin waɗanda suka kalla a take. Wannan adadi shi ne abin da masu talla suka daɗe suna nema a wurin tashoshin talabijin na Najeriya, inda rashin ingantaccen ma'aunin masu kallo ya daɗe yana tauye kuɗin talla.

Hakan bai kashe buƙatar talabijin na kyauta ba. Kuɗin data yana da nauyi ga gidaje da yawa, kuma akwai ƙauyukan da intanet ba ta isa da ƙarfi ba. Sai dai kasuwar da ta rage ta masu ƙaramin ƙarfi ce, wadda ribarta ta dogara da tallafi da kuma yawan ciniki.

Najeriya ba ita kaɗai ba ce. A Afirka ta Kudu taƙaddama kan ko za a sa wa dikodar gwamnati makulli ta kai har Kotun Tsarin Mulki a 2017, kotuna kuma suka dakatar da ranakun kashe analog a 2022 da 2025. Ruwanda kuwa ta kammala a 2014, Kenya a 2015, duk da ƙararraki da ƙorafin tashoshi, domin hukumominsu sun tsaya kan ranakun da suka sa a ƙarshe.

Abin da mai zuba jari ke dubawa

Tarihin waɗannan kamfanoni ya bar wasu tambayoyi da ya kamata a amsa kafin a saki kuɗi. Ta farko, wa ke riƙe da ranar farawa? Kamfanin da ke da siginarsa da masu kallonsa, kamar Sky, yana iya tsara tafiyarsa. Wanda ke jiran sanarwar hukuma ko odar abokin ciniki guda ɗaya rayuwarsa tana hannun wani.

Ta biyu, wata nawa kamfanin zai iya rayuwa idan aka ɗage ranar da shekara biyu? Amsar tana cikin kuɗin da yake da shi a hannu, da bashin da ke kansa, da kuma ko bashin na naira ne ko na dala. Ta uku, alƙaluman da yake nunawa na mene ne? Akwai tazara tsakanin yarjejeniyar da aka sa wa hannu, da akwatunan da aka ƙera, da waɗanda aka sayar, da waɗanda ake kunnawa kullum. Na ƙarshen ne kawai ke kawo kuɗin lasisi da na talla. A 2003 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta gurfanar da manyan jami'an Gemstar, kamfanin jadawalin shirye-shirye na dikoda, bisa zargin kumbura alƙaluman kuɗin shiga.

Ta huɗu, shin masana'antar za ta iya juyawa ta ƙera wani abu, kamar mitar lantarki ko na'urar intanet ta gida, idan manufar gwamnati ta sauya? Manhajar da ke aiki a dikoda da talabijin na zamani da waya gaba ɗaya ta fi wadda aka ɗaure da akwati iri ɗaya tsawon rai.

A Najeriya yawancin kamfanonin da ke cikin shirin komawa dijital ba sa kasuwar hannayen jari ta NGX, saboda haka ƙaramin mai jari ba shi da ƙofar shiga cikinsu kai tsaye. Waɗanda ke kasuwar kuma suke da alaƙa da harkar sun haɗa da DAAR Communications mai tashar AIT, da MTN Nigeria da Airtel Africa, waɗanda suka shiga a 2019, kuma layukansu ne ke ɗauke da yawancin bidiyon da ake kallo a waya. Sayen hannun jari a cikinsu yana bi ne ta hannun dillali mai rajista da Hukumar Kula da Hannayen Jari ta Ƙasa, SEC. Duk wanda aka yi wa tayin shiga wani kamfanin dikoda ko manhajar kallo da alkawarin tabbatacciyar riba, zai iya bincika sunan kamfanin da na dillalin a rajistar hukumar kafin ya biya ko kwabo.